Akuyar da Suka Cire

Littafin ya iso Tawa cikin kwali,
ƙarƙashin alli da tsofaffin taswirori.
Mushe Arzika ya kaɗe shi a gwiwa,
ya ce, "Kwana bakwai. In ka zuba masa miya, ni da kai ne."
Ashe gara ta riga ni karatu,
ta faro daga baya, ta cinye shafi goma sha ɗaya.

Yara biyu ne a ƙasar duwatsu,
ɓarayi sun sauke ƙararrawar garinsu da dare,
suka bi sawu, su da wata gurguwar akuya
mai cin igiya, mai cin hula,
mai tsayawa inda ta ga dama.
Ban taɓa ganin dusar ƙanƙara ba,
sai na shimfiɗa musu kanwa a hanya,
fara fat, irin ta kasuwar Lahadi.
Na ba yaron fuskar Abarshi ɗan maƙeri, har da giɓin,
yarinyar kuwa Tsahara ce, mai kaushi a dunduniya.
Inna tana ta faɗan kananzir,
ni ina can bakin kwazazzabo, ban ji ba.

Jiya a Yamai, bayan shekara talatin da huɗu,
Fassuma ta ja hannuna har ɗakin silima.
Na biya, muka zauna, aka kashe wuta.

In faɗi gaskiya, duwatsunsu sun fi nawa tsawo.
Dusar kuma, ashe shiru take sauka,
tawa ƙaras-ƙaras take yi a ƙarƙashin ƙafa.
Da igiyar gada ta tsinke
sai na ji farcena cikin hannun kujera,
ni da furfurata.

Amma yaron haƙoransa cif,
kwana arba'in a daji, riga ko yagewa.
Kwana ukun da suka yi a kogo da yunwa
suna gardamar wa ya yar da wuƙa,
babin da na karanta sau biyar,
an haɗiye shi kamar loma.
Tsohuwar da ta ba su nono, ba ta tambaye su ɗiyan wa ba,
an sa mata jan ido da sandar tsafi.
Akuya fa?
Na duba gaba, na duba baya.
Wani farin kare suka kawo,
a ce zauna, ya zauna.

Sai ƙarshen ya zo, wanda gara ta hana ni.
Ga ƙararrawa lafiya lau, tana walƙiya,
ga kiɗa, ga runguma, ga sunaye suna hawa bango.
To. Haka ashe.

Nawa yana bayan kayen lissafi, da jan biro:
ɓarayin sun riga sun narkar da ita,
an sayar da ita cokula da zobba,
harshenta kaɗai yaran suka tsinta cikin toka,
suka rataya wa akuya a gwangwani,
tun daga tudu garin ya ji ƙwal, ƙwal,
da ɗingishi a cikinsa.
Mushe ya ba ni huɗu bisa goma, saboda lissafin.

Bisa gada, iskar kogi na dukan kunne,
Fassuma ta daki bayana daga kan moto:
"Baba, wanne ya fi?"
Na ce, "A littafin akwai akuya."
"Wace akuya?"

Muka isa gida, shinkafa ta huce,
uwarta ta yi kira sau uku, ta gaji.

Yau da safe na tarar da takarda bisa tebur.
Ga farin karen, ta zana shi da kyau, har da wutsiya.
Can a gefe wata aba mai ƙafa uku da rabi
ta juya masa baya,
tana cin kusurwar takardar.